Randar Kifi a Tsohon Jirgi: A Rage Bututai, A Toshe Kafofi

'Yan'uwa na ƙungiyoyin gama kai, a wannan fitowa za mu bar gona kaɗan mu gangara bakin gulbi. Yawancinku manoma ne, amma a ƙasar Sakkwato noma da su maƙwabtan juna ne. Mutumin da ya ke shuka shinkafa da albasa a fadamar Rima shi ne kuma ya ke jefa taru a Kwalkwalawa in ya sami sarari. Haka abin ya ke a Kware da Wurno, har a gangara Argungu da Yawuri. Tun da aka gama madatsar Bakolori a 1978, da ta Goronyo a 1984, an sami ruwa mai zurfi wanda ba ya ƙafewa da rani, sai sha'awar mallakar jirgi ta ƙaru. Da wuya ƙungiya ta iya sayen sabo. Tsoho a kan saya, na katako ko na faiba, wani lokaci kuwa a kan same shi da wurin ajiye kifi da rai a cikinsa, da bututai da famfo da wayoyi waɗanda mai shi na farko ya bari.

Wannan wurin ajiya za mu kira shi randar kifi, ko da katako aka yi shi, ko da faiba, ko kuwa rabin duro ne aka girke a tsakiyar jirgi. Amfaninsa a fili ya ke. Tarwaɗa mai motsi a cikin baho ta fi matacciya daraja a kasuwar Sakkwato, gama mai saye ba ya bukatar ya sansana ta. Wadda ta mutu da hantsi a watan Afrilu, lokacin da zafin garin nan ya kan wuce digiri 40, kafin la'asar ta fara sakewa. Sai dai a yi banda da ita, itacen banda kuwa ba arha ba ne a nan. Ƙungiyar da ta ci bashi ta sayi jirgi, bambancin kuɗin kifi mai rai da matacce shi ne zai biya bashin ko ya hana biyansa.

Shawararmu ga mai tsohon jirgi ita ce kada ya yi ƙoƙarin mayar da kayan randar yadda su ke ran da aka ƙera su. Ya cire mafi yawansu, ya toshe kowace kafa da ke ƙarƙashin ruwa, ya bar hanya ɗaya ta shigar ruwa da hanya ɗaya ta fitarsa, dukansu a inda ido ke gani.

Abin da kifi ke bukata

Kifi yana numfashi kamar mu, amma iskar da ta narke cikin ruwa ya ke shaƙa, wadda a ke kira oksijin. Iskar nan kaɗan ce ƙwarai. Lita ɗaya ta ruwa mai sanyin digiri 20 tana riƙe kamar miligiram 9, in ruwan ya kai digiri 30 sai ta koma wajen 7 da rabi. A daidai wannan lokaci kuma jikin kifin ya kan ƙara neman iska, domin in zafin ruwa ya ƙaru da digiri 10 bukatarsa ta kan kusa ninkawa. Wato da bazara iskar tana raguwa, mai cinta yana ƙara ci. Ku zuba karfasa kilo 10 a rabin duro ku bar ruwan tsaye, kafin rabin awa za ku gan su sun taso sama suna buɗe baki. Bayan wannan kuma akwai dattin da kifin kansa ke zubarwa, kashi da amai da yauƙi, waɗanda ke ɓata ruwan tun iskar ba ta ƙare ba.

Ba dukan kifi ne halinsu ɗaya ba. Tarwaɗa da ramboshi Allah ya yi musu wani abu a cikin kai, a bayan jan naman da ke ƙarƙashin kumatu, wanda su ke shaƙar iskar sarari da shi. Gaiwa kuwa huhu gare ta sosai. Waɗannan su kan yi awoyi a ruwa kaɗan, muddin za su iya ɗago kai. In kuka cika randa maƙil kuka danne da murfi, tarwaɗa ma ta kan mutu, ga ruwa ko'ina amma ba hanyar numfashi. Karfasa da giwan ruwa ba su da wannan baiwa, sabon ruwa su ke so kullum. Ƙurungu kuma a ware shi dabam, ƙayarsa tana yi wa sauran rauni, tana kuma sarƙewa a raga.

To, aikin randa uku ne kawai: sabon ruwa ya shiga, tsoho ya fita, rana kada ta dafa shi. Duk bututu ko waya da ba ya yin ɗaya daga cikin ukun nan, nauyi ne a banza, kuma wurin yoyo ne.

Inda bututan suka fito

Ajiye kifi da rai a jirgi tsohon abu ne. A Ingila tun ƙarni na 18 masunta suna ƙera jiragen teku masu rijiya a tsakiya. Su kan gina bango biyu masu ƙarfi a cikin jirgin, su huhhuda ƙasan da ke tsakaninsu, ruwan teku ya yi ta shiga yana fita da kansa, ba famfo ba inji. Dabarar ta yi musu aiki domin tun farko da bangayen aka ƙera jirgin, sun kuma tashi sama da fuskar ruwa. Kada kowa ya kwaikwayi wannan a jirginmu na katako. Allunansa ƙusa ce ta haɗa su, suna motsi duk sa'ad da jirgi ya daki tudun yashi, bangon da aka ƙara daga baya kuwa ba zai daɗe yana riƙe ruwa ba.

Tsarin famfo da batir daga Amurka ya yaɗu, inda a ke gasar kamun kifi a tafkuna a kuma mayar da shi ruwa da rai bayan an auna. Jiragensu na faiba su kan zo da famfon cikawa, da na juya ruwa, da bawul mai hanya uku, da agogon da ke kunna famfo yana kashewa, bututan kuma duk a ɓoye ƙarƙashin daɓe. An yi su ne domin wurin da in abu ya lalace za a shiga kanti a sayo irinsa. Ruwan Rima da damina ja wur ya ke da laka. Laka da ɓawon kifi da guntun zare su kan taru a kowace gwiwa ta bututu, su cushe fankar famfo. Bawul ɗin da ya karye kuwa, ku zaga kasuwar Sakkwato duka, da wuya ku sami wanda zai shiga gurbinsa.

Kafa ɗaya ta isa ta nutsar da jirgi

A nan ne mu ke so ku dakata ku yi tunani. Kusan kowane tsohon tsari yana da kafa ɗaya ko biyu a ƙasan jirgi ko a gindin bayansa, inda ruwa ke shiga da inda a ke zubar da shi. Abin da ke tsakaninku da gulbi a wurin nan, tiyo ne da ɗan kilif na ƙarfe. Robar ta tsufa, ƙarfen ya yi tsatsa. Kafa mai faɗin inci ɗaya, in tana ƙafa ɗaya ƙarƙashin ruwa, tana shigo da lita 40 zuwa 50 a minti ɗaya. Wato duro guda cikin minti biyar. Jirgi kuwa yana ƙara nutsewa, ruwan yana ƙara ƙarfin shiga. Mutum ɗaya da ƙwarya zai iya kokawa da wannan na ɗan lokaci in ya ga wurin, amma in a ƙarƙashin daɓe abin ya ɓalle, sai ruwa ya taɓa ƙafarsa zai sani.

Mutanen wannan jiha sun san abin da ruwa ya kan yi. A watan Afrilu na 2022 jirgi ya kife a ƙaramar hukumar Shagari, mutum 29 suka rasu. Jirgin ɗaukar mutane ne, ba na su ba, amma jirgin ƙungiya ma ba kifi kaɗai ya ke ɗauka ba. Ran kasuwa da shi a kan ƙetare da mata da yara da buhunan albasa.

Fara aikin

A jawo jirgi tudu da rani, a kifa shi ko a ɗora shi bisa itace a inuwa. In na katako ne kada aikin ya wuce kwana biyu ko uku, gama in katako ya bushe ƙwarai haɗin allunan ya kan buɗe. Ku tara kayan aiki tun kafin ku fito da shi. Gyaran kayan su ba abin raini ba ne; Yaƙub da Yahaya ma a kan gyaran taru Ubangiji ya same su.

A ɗaga daɓe, a bi kowane bututu da hannu daga wannan baki zuwa wancan, a ɗaura masa tsumma in an gama da shi. Ku ƙidaya kafofin jirgin daga waje, ku sake ƙidayawa daga ciki, lissafin ya zo daidai. Sau da yawa a kan sami tsohuwar kafa wadda wani ya cusa wa tsumma da kwalta ya manta. A matsa tiyo da yatsa: in ya yi tauri kamar kara, ko ya nuna tsaga, ya gama aiki. A soki katakon da ke kewaye da kowace kafa da bakin ƙusa. In ƙusa ta shige ba wuya, wurin ya ruɓe, toshiya ba za ta riƙe ba, sai kafintan jirgi ya yanke ruɓaɓɓen ya sa sabon allo. Kada ma'aji ya yi ƙyashin kuɗin allon nan.

In katakon yana da lafiya, a sassaƙa toshiya ta busasshen itace mai ƙwari, mai tsini kaɗan, a shafa mata kwalta a buga ta daga waje, a yanke abin da ya rage. In ta sha ruwa za ta kumbura ta ƙara kamawa. Daga ciki kuma a shimfiɗa tsumma mai kwalta, a ɗora guntun allo wanda ya fi kafar faɗi da taƙi guda, a kafe shi da kyau. Toshiya kaɗai ba ta isa ba, dutse ko kututture zai iya fizge ta. Jirgin faiba kuwa a kankare gefen kafar ciki da waje har ya yi kaushi, a liƙa ƙyallen faiba da gam ɗinsa hawa-hawa, kowane hawa ya fi na bayansa faɗi. Wurin ya zama busasshe sarai, ba mai ba laima.

Bayan an gama a mayar da jirgi ruwa ba kaya, a share cikinsa ya bushe, a bar shi ya kwana. Da safe a duba da ido, a shafa da hannu.

Sabon tsari

In tsohuwar randar ba ta yoyo, a bar ta. In tana yoyo, mun fi son rabin duro na roba, domin ana iya ɗauke shi a wanke, in ya fashe kuma a sa wani. Amma a san abin da duron ya taɓa ɗauka. Wanda aka zuba maganin ƙwari ko na ciyawa ko man inji a ciki, ko an wanke shi sau goma kada a sa masa kifi, domin mutane ne za su ci kifin. Kada kuma a shafa kwalta ko fenti a cikin randa, kada a yi amfani da bututun jan ƙarfe, gama tagulla guba ce ga kifi.

Ruwa ya shigo ta saman gefen jirgi. In kuna da famfo mai batir wanda har yanzu yana aiki, ku ɗaure shi a jikin ɗan allo, ku maƙala allon a bayan jirgi yadda famfon zai nutse kamar taƙi guda. Irin wannan famfo ba ya iya zuƙo ruwa daga sama, dole ya kasance cikin ruwa. Yawancin waɗanda a ke cewa sun mutu, iska ce ta shige su ko datti ya riƙe fanka. A naɗe bakinsa da raga domin kainuwa da ciyawa, a nisanta shi da inda hayaƙi da man inji ke fita. Daga famfo tiyo ɗaya, gajere, ba gwiwa ba reshe, ya haura gefen jirgi ya tsaya a saman randa. Bakinsa kada ya nutse cikin ruwan randar. A matse shi ko a huhhuda shi ruwan ya riƙa faɗowa da feshi, da haka ya ke ƙara ɗaukar iska. Akwai dalili na biyu kuma. Tiyon da ya cika da ruwa, in bakinsa na ciki ya faɗi ƙasan jirgi ya koma ƙasa da fuskar gulbi, zai yi ta jawo ruwa ciki ko famfo a kashe ya ke, kamar yadda direba ke zuƙo fetur daga tanki. Saboda haka a ɗaure bakin nan a sama da igiya mai kyau.

Wuta kuma makunni ɗaya da fis ɗaya kusa da batir sun isa. Wayoyi su bi ta sama, batir ya zauna cikin akwatin katako a ɗage daga ƙasa.

Jirgi mai inji yana iya samun ruwa ba batir. A sa bututu a gefe, a lanƙwasa bakinsa ya fuskanci gaba a ƙarƙashin ruwa. In jirgi yana tafiyar kilomita 10 a awa, ƙarfin tafiyar zai iya tura ruwa sama kusan santimita 40. Mai tuƙi da filafili kada ya wahalar da kansa, abin da zai samu bai kai tsawon yatsa ba. Shi bokiti ne nasa: ya kwashe biyu ya zuba biyu, a kai a kai. Gaskiyar magana, bokiti zai riƙe tarwaɗa da 'yan karfasa kaɗan, amma ba zai riƙe karfasa kilo 10 da bazara ba. Wannan zai bukaci bokiti da yawa ƙwarai a kowace awa, masunci kuwa yana da taru a hannu.

Hanyar fitar ruwa ita ce mutane suka fi yin kuskure a kanta. Ruwan shiga turo shi a ke yi, na fita kuwa da nauyin kansa ya ke gangarawa, don haka dole bututun fita ya fi na shiga faɗi. In na shiga inci uku bisa huɗu ne, na fita ya zama inci ɗaya da rabi. In aka yi su daidai, randa za ta tumbatsa cikin jirgi. A huda randar kamar taƙi guda ƙasa da bakinta, domin a bar wa tarwaɗa sarari, bututun kuma ya gangara kaɗan zuwa waje. In randar ta fi gefen jirgi tsawo, bututu ya bi ta sama, shi ke nan ba a huda komai ba. In dole sai an huda gefe, a loda jirgi da cikakken kayansa da mutanensa tukuna, a sa alama inda ruwa ya tsaya, kafar ta kasance aƙalla taƙi guda sama da alamar. In babu wannan sarari, a haƙura da hudawa, a yi aiki da bokiti. A rufe bakin bututun na ciki da raga mai manyan idanu, a riƙa share ta, domin ɓawon kifi kaɗan ya isa ya toshe ta.

Ba mu ba da shawarar kafar zubarwa a gindin randa ba. In an iso gaɓa a kwashe ruwan da ƙwarya, a fitar da duro a wanke. Sabulu kada ya taɓa shi, yashi da ruwa sun isa.

Nauyin ruwa

Lita ɗaya kilo ɗaya ce. Rabin duro cike da ruwa ya kai nauyin babban buhun gero, ban da kifin da ke ciki. Duk wanda ya cika randa ya rage mutum ɗaya ko biyu daga waɗanda ya saba ɗauka. Buhun gero ma ya fi sauƙi, domin inda aka ajiye shi nan ya ke zama. Ruwa kuwa in jirgi ya karkata hagu, dukansa hagu ya ke gudu, ya ƙara karkatar da shi. Saboda wannan randa mai faɗi daga gefe zuwa gefe ita ce mafi hatsari. A sa ta a tsakiyar jirgi, a ƙasa, a kafe ta da katako ta kowane gefe, a ɗaure. In doguwa ce, tsawonta ya bi tsawon jirgi. In faɗinta ya yi yawa a raba ta da allo mai ramuka a tsakiya. Wannan allon kuma shi zai raba ƙurungu da sauran kifi.

Murfi ya zama raga, a ɗora jiƙaƙƙen buhu ko tabarma a kai. A iskar Sakkwato mai bushewa jiƙaƙƙen buhu yana sanyaya ruwa kamar yadda randar ƙasa ke yi a gida. Mun san waɗansu masu jigilar tarwaɗa su kan ɗiga manja a ruwa domin kumfa ta kwanta. Wannan ga tarwaɗa ne. Kada a yi wa karfasa, mai yana shimfiɗuwa a fuskar ruwa ya hana iska shiga.

Daren Asabar

Akwai abin da ya shafe mu musamman. Jirgin ƙungiyar ekklesiya a kan ɗaure shi ran Asabar da yamma, ba mai komawa kansa sai Litinin da asuba. Ɗigon da masunci zai kwashe da ƙwarya ba tare da ya kula ba a ranar aiki, in ya sami kwana biyu ba mai tsaro, ya isa ya kwantar da jirgi har da injinsa a ƙasan ruwa, kuna cikin sujada. Saboda haka ran Asabar a zubar da ruwan randa duka, a ɗauke famfo da tiyo daga gefe, a kai batir gida. Kifin da ba a sayar ba kada a bar shi a randa. A zuba shi a keji na raga ko babban kwando mai murfi, a nutsar a inda ruwa ke ɗan gudu kuma akwai inuwa, a bar saman kejin a waje domin tarwaɗa ta sami numfashi. A nan karfasa ma za ta kai Litinin lafiya, in an sa kwaɗo saboda masu dogon hannu.

Ƙungiya ta naɗa mutum ɗaya wanda randar ke hannunsa, sunansa a rubuce a littafi, ba a ce aikin kowa ne ba. Kowane farkon wata ya shafa facin kafofin da aka toshe, ya duba igiyar tiyo da raga, ya faɗa wa taro abin da ya gani. Kayan da aka cire kuma a kai wa ma'aji ya rubuta. Tiyon da har yanzu yana da laushi zai yi amfani a ban ruwan albasa a fadama, tsofaffin wayoyi da bawul na ƙarfe kuwa 'yan gwangwan suna saye da kilo.